SHAYIN HUNTURU DAGA GANYAYEN ITATUWA

Darasi zuwa ga manoma da dagatai na ƙasar Bagudo, daga Ka'oje da Zagga har Illo da Lolo da Tsamiya

1. Dalilin wannan takarda

Jama'a, ko wa ya san in an gama kaka, daga watan Nuwamba har zuwa Fabrairu, iska ta kan juya ta fito daga arewa maso gabas, ta ɗauko ƙurar Sahara ta zubo mana. Shi ne hunturu. Da dare ɗari ya sauko, balle a garuruwan da ke bakin Kwara, da rana kuwa hazo ya rufe sama. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, maƙogwaro ya bushe, yara da tsofaffi su kama tari da mura.

A wannan lokaci kuma ɗanyen ganye ya kan yi wuya. Rama da yakuwa da tafasa da a ke ci da damina sun bushe, sai tuwo da miyar busasshiyar kuka ko ta busasshiyar kuɓewa safe da yamma. Ciki ya cika, amma akwai abin da jiki ke so wanda ba ya cikin wannan abinci. Nufin takardan nan a nuna muku yadda mutum zai sami abin sha mai ɗumi, mai amfani, daga itatuwan da ke kewaye da shi, ba tare da ya kashe kuɗi ba, a kuma faɗa muku ganyayen da za ku guje wa, gama cikinsu akwai masu kisa.

2. Labarin mutanen ƙasashen sanyi

A ƙasashen arewacin duniya, kamar Kanada da Rasha, in sanyi ya zo ruwa ya kan daskare wata da watanni, itatuwa su kaɗe ganye. Amma akwai waɗansu irin itatuwa da ba su kaɗewa, ganyensu siriri ne mai tsini kamar allura. Mafi shahara cikinsu shi ne wanda Ingilishi ke ce wa fayin.

Cikin shekara ta 1535 wani matuƙin jirgin ruwa Bafaranshe, sunansa Jak Kartiye, ya shiga babban kogin Kanada da mutum 110. Sanyi ya tarad da su kusa da inda birnin Kwibek ya ke yanzu, ruwa ya daskare ya riƙe jiragensu. Ba su da abinci sai busasshen gurasa da nama mai gishiri. Ba a daɗe ba wata cuta ta faɗa musu. Dasashinsu ya kumbura yana zub da jini, haƙora suka yi ta girgiza, ƙafafu suka kumbura, ƙarfi ya ƙare. Mutum 25 suka mutu. Sai wani ɗan ƙasar, ana ce masa Domagaya, ɗan sarkin wurin, ya nuna musu wani itace mai ganyen allura, ya ce su dafa ganyen da ɓawon su sha ruwan. Suka yi haka, cikin 'yan kwanaki sauran suka miƙe.

Wannan cuta Turawa suna kiranta sikabi. Ta daɗe tana kashe matuƙan jiragen ruwa ba a san dalilinta ba. A 1747 wani likitan jiragen yaƙin Ingila, Jems Lind, ya ɗauki marasa lafiya 12, ya raba su biyu biyu, ya ba ko wane kashi magani dabam. Biyun da aka ba lemo su ne suka warke. Daga 1795 aka shiga raba wa sojan ruwan Ingila ruwan lemo. Amma sai a 1932 masana suka gane ainihin abin da ke cikin lemo da ɗanyen ganye mai hana wannan cuta, shi ne a ke kira bitamin C. Ko a Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da Jamus suka kewaye birnin Leningirad na Rasha daga 1941 zuwa 1944, hukumar birnin ta sa aka riƙa jiƙa ganyen fayin ana raba wa mutane ruwan, don kada cutar nan ta gama da su.

To, mu a ƙasar Bagudo ba mu da fayin. An shuka shi a Nijeriya, amma a wuraren da suka fi namu sanyi da ruwan sama, kamar tsaunukan Jos da Mambila da gandun Afaka kusa da Kaduna. Kada wannan ya dame ku. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Abin da mutanen Kanada suka samu a ganyen allura, Allah ya ajiye mana shi a kuka da zogale da lemun tsami da gwaiba.

3. Abin da ya kamata a sani game da bitamin C

Na fari, jiki ba ya iya yin sa, ba ya kuwa ajiye shi da yawa. Dole a riƙa samunsa cikin abinci. Babban mutum yana bukatar wajen miligiram 45 zuwa 90 ko wace rana, mace mai shayarwa ta fi bukata. In mutum ya yi wata ɗaya zuwa uku bai samu ba, sai alamu su fara fita: kasala, jinin dasashi, da miki mai ƙin warkewa.

Na biyu, shi ne ke taimakon hanji ya tsotsi sinadarin ƙarfe da ke cikin gero da dawa da wake, wanda da shi a ke yin jini. Sabo da haka yana da amfani ƙwarai ga mata masu ciki da yara.

Na uku, abu ne mai saurin lalacewa. Doguwar tafasa tana kashe shi, shanya a rana tana kashe shi, kanwa tana kashe shi, ajiya ta kwanaki tana rage shi. Wanda ya riƙe wannan ya riƙe rabin darasin.

Na huɗu, tsami ba shi ne alamarsa ba. 'Ya'yan tsamiya sun fi ko wane ɗan itace tsami a ƙasarmu, amma bitamin C da ke cikinsu kaɗan ne. Lemun zaƙi yana da wajen miligiram 50 cikin giram 100, ruwan lemun tsami wajen 30, gwaiba kuwa ta wuce 200. Garin 'ya'yan kuka ya ninka lemun zaƙi sau uku ko fiye.

4. Itatuwan da za a nema

Kuka. Ita ta kan kaɗe ganye da rani, amma a lokacin ne 'ya'yanta ke nuna, waɗanda waɗansu ke ce wa ƙwame. A fasa, a daka a hankali a turmi don garin ya rabu da ƙwallo, a tankaɗe, a zuba a tulu ko gwangwani mai murfi, a ajiye a inuwa. Cokali biyu cike sun kusa biyan bukatar mutum ta yini guda.

Zogale. Wanda ke kan tudu ya kan zub da ganye in rani ya yi nisa, amma na fadama da na bayan gida inda ruwan wanka ke gangarawa yana nan kore har bazara. Ɗanyen ganyensa a ke so. Saiwarsa da ɓawonsa ba na shayi ba ne.

Lemun tsami. Ba ya rabuwa da ganye. Ganyen yana ba da ƙanshi, ruwan 'ya'yan kuwa shi ke ba da bitamin C.

Tsamiya. Tana riƙe ganyenta kusan dukan rani, 'ya'yanta kuma suna nuna da hunturu. Tana gyara ɗanɗano, tana sakin ciki ga wanda cikinsa ya ɗaure. In an sha da yawa ta kan sa zawo.

Geza. Wannan ƙaramin itace ne da ke fita a fako da kan marmara. Ganyensa ya kan yi ja ya zube in rani ya shiga, don haka a ƙarshen damina a ke tsinkarsa, a shanya a inuwa, a ɗaure dami dami. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Benin, wadda a ke kira Dahome kafin 1975, da na Nijar, da na Senegal, suna shansa kamar shayi, suna ce masa kinkeliba. Wanda ya saba cin kasuwar Malanbil ko Gaya ya ji sunan. Abin sha ne mai daɗi, amma da ya ke busasshe ne kuma dafa shi a ke yi, kada a dogara gare shi don bitamin C.

Kayan ƙanshi. Citta, kanumfari, kimba, da soborodo. Waɗannan a kasuwa a ke samunsu ko a gona. Citta ita ke sa mutum ya ji ɗumi ya ratsa shi.

5. Ganyayen da ba a taɓawa

Ku lura da kyau, nan ne wurin hatsari. Da rani, in daji ya bushe, ido ya kan tafi wurin ko wane abu kore. Amma da yawa cikin tsire-tsiren da ke zama kore a lokacin, abin da ya sa dabbobi suka bar su shi ne dafi.

Tumfafiya tana nan kore ko da wane lokaci. Farin ruwanta dafi ne, yana taɓa zuciya, in ya shiga ido ya ɓata shi.
Samberu, makiyaya sun san shi, ganyensa yana kashe shanu da tumaki da awaki. Ɗan'uwansa gwaska ma haka.
Tinya da ƙwanƙwani, da su mutanen dā ke haɗa dafin kibiya.
Zaƙami yana gusar da hankali, yana kuma kisa.
Bini-da-zugu da zurma, 'ya'yansu dafi ne, yara su kan ci don sun yi kama da gyaɗa.
Dogon-yaro, wanda waɗansu ke kira darbejiya, ba ya rabuwa da ganye, mutane kuwa suna dafa shi don zazzaɓi. Ba abin sha na kullum ba ne, kada a ba ƙananan yara, kada a ba mace mai ciki.

Akwai kuma wani itace da a ke shukawa don ado a manyan garuruwa, mai sirarun rassa kamar allura, sunansa kasuwarina. Ba fayin ba ne, kama kawai suka yi. Ko a ƙasashen Turai akwai mai ganyen allura da ke kashe mutum da doki. Sabo da haka doka ɗaya ce a ko ina: ganyen da ba ka san sunansa ba, ba ka kuwa ga dattawan garinku suna ci ba, bar shi a inda ka gan shi. Duk tsiron da ka karya ya fid da farin ruwa kamar nono, kada ya shiga tukunyarka.

6. Inda za a tsinka, da yadda za a tsinka

Ƙasar da ke ƙetaren iyaka, wajen Segbana da Kandi, ƙasar auduga ce, auduga kuwa ana yi mata feshin maganin ƙwari sau da yawa kafin a tsince ta. Mu ma nan ana fesa wa wake da shinkafa da albasa da tumatir. Iska ta kan kai feshin kan itatuwan da ke gefen gona. Kada a tsinki ganye a bakin gonar da aka fesa, kada kuma a zuba ruwan sha ko garin kuka cikin galan ko gwangwanin da maganin feshi ya taɓa zama, ko an wanke shi sau goma. Haka kuma a guji itacen bakin babbar hanya, da na kusa da juji ko masai.

A tsinka da safe, a zaɓi ganye lafiyayye wanda ba shi da tabo ko tsutsa. A ɗiba kaɗan daga wannan reshe, kaɗan daga wancan, gwargwadon abin da za a sha ran nan. Kada a sare reshe don ganye, kada a ɓare ɓawo kewaye da gindi, gama itacen da aka yi wa haka mutuwa zai yi. Kukar da a ke yi wa aski ƙwal ko wace shekara don miya ba ta ba da 'ya'ya da yawa, don haka ya kyautu a ware waɗansu a bar su don ƙwame.

Kada a tura yara su kaɗai cikin daji mai nisa. Gandun dajin hukuma kuwa, na wannan gefe ko na Benin, yana da dokarsa, ba a shiga sai da izini. Abin da a ke bukata duk yana samuwa a bayan gari.

7. Yadda a ke haɗawa

Ga shayin gida mai mutum huɗu:

(a) A sami tukunya mai tsabta da murfi. A zuba ruwa lita ɗaya, watau kofi huɗu.
(b) A daddaka citta kamar girman babban yatsa, a jefa, da kanumfari uku ko huɗu.
(c) A ɗora a wuta har ya tafasa sosai, a bar shi yana tafasa minti biyar. Wannan tafasa ita ke fid da yajin citta, ita ke kuma kashe ƙwayoyin cuta da ke cikin ruwan kogi ko na rijiya.
(d) Kafin nan an wanke ɗanyen zogale cikin hannu guda da ganyen lemun tsami biyar ko shida, an murtsuke su kaɗan.
(e) A sauke tukunya tukuna, sa'an nan a zuba ganyen, a rufe, a bar shi minti goma. Kada a mai da shi wuta.
(f) A tace da ƙyalle mai tsabta ko rariya.
(g) In ya huce har mutum na iya kurɓa ba ƙuna, a dama garin kuka cokali huɗu a zuba, ko a matse lemun tsami biyu. A sa zuma ko mazarƙwaila kaɗan.
(h) A sha nan take. Wanda ya kwana ya rasa amfaninsa, ya kan kuma yi tsami. Ganyen zogalen da aka tace kada a zubar, a sa a miya ko a kwaɗa da ƙuli-ƙuli.

Kada a sa kanwa ko kaɗan.

In geza za a dafa, a sa busasshen ganye cikin hannu guda a ruwa lita ɗaya, a tafasa wajen minti goma sha biyar har ruwan ya yi ja, a tace. Shi da shayin kanti suna da wani abu mai bauri wanda ke hana hanji tsotsar sinadarin ƙarfe, sabo da haka a sha su tsakanin abinci da abinci, a bar wajen sa'a guda bayan an ci tuwo. Na kuka da lemo kuwa tare da abinci ya fi amfani.

8. Wanda zai sha, da wanda ba zai sha ba

Babba ya sha kofi ɗaya da safe, ɗaya da dare. Yaro rabin kofi, ba yaji da yawa.

Jaririn da bai kai wata 6 ba, ba a ba shi komi sai nonon uwa, ko ruwa ba a ba shi. Yaron da bai cika shekara ɗaya ba, ba a ba shi zuma, gama ta kan ɗauko wata ƙwayar cuta da hanjin jariri ba ya iya yaƙi da ita. Mace mai ciki ta tsaya ga garin kuka da lemun tsami da citta kaɗan, ta bar saiwoyi da ɓawo da ganyaye masu ɗaci. Mai shan maganin hawan jini ya faɗa wa likita in yana shan soborodo ko geza kullum, don su ma suna rage hawan jini, kada biyu su haɗu su yi yawa. Mai ciwon sukari ya sha ba zaƙi.

9. Abin da shayin nan ba ya yi

Kada wani ya ruɗe ku. Shayin nan yana ɗumama jiki, yana jiƙa maƙogwaro, yana mai da ruwan da iskar hunturu ta tsotse, yana cike giɓin abinci. Nan amfaninsa ya tsaya. Ba ya warkad da zazzaɓin sauro, ba ya warkad da tarin fuka, ba ya maganin sanƙarau.

Ƙasarmu tana cikin yankin da sanƙarau ke tashi da rani, daga hunturu har zuwa faɗuwar ruwa. Manya ba su manta da annobar 1996 ba, wadda ta kashe dubban mutane a Nijeriya ta Arewa. In mutum ya yi zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, wuyansa ya sanƙare, a kai shi asibiti a ran nan, kada a tsaya dafa ganye. Haka yaron da ke numfashi da sauri haƙarƙarinsa na shiga ciki, da wanda ya yi tari ya wuce mako biyu. In ma'aikatan lafiya sun zo allurar rigakafi, a fito da iyali duka. Rigakafi ya fi magani.

Wani gargaɗi kuma. Mutane su kan shiga da kaskon gawayi ɗaki su toshe ƙofa don ɗari. Gawayi yana fid da wata iska marar wari marar launi, tana kashe mai barci bai farka ba. A dafa shayi a waje, a ji ɗumi a waje, a kashe wuta kafin a kwanta. Da iskar hunturu tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye unguwa da rumbunanta.

10. Aikin da ke kan dagatai da masu unguwa

Ku ne idon jama'a, maganarku ita a ke ji. Ga abin da a ke roƙonku:

Ku sa a karanta takardan nan a dandali, a fassara ta da Dandanci da Fillanci da Zabarmanci ga waɗanda Hausa ba ta ishe su ba, a kuma tabbata ta kai kunnen mata, gama su ke riƙe da tukunya.

Ku sa wani dattijo wanda ya san daji ya zaga da yara, ya nuna musu tumfafiya da samberu da zaƙami da bini-da-zugu da idonsu. Abin da yaro ya gani ya fi zama masa a ka bisa ga abin da ya ji.

Ku hana sare kuka da tsamiya da ke cikin gonaki da bayan gari, ku hana cinna wa daji wuta, don wuta ita ke cinye ƙananan itatuwa tun ba su tasa ba.

Ku kwaɗaita wa ko wane magidanci ya dasa zogale biyar da lemun tsami ɗaya a gidansa. Zogale ba shi da wuya. In damina ta faɗi a yanko reshe mai kauri, tsawonsa kamu biyu, a binne kashi ɗaya cikin uku a ƙasa, a kewaye shi da ƙaya don awaki. Kafin hunturu mai zuwa an fara tsinka. Lemun tsami ya kan ɗauki shekara uku zuwa biyar kafin ya fara 'ya'ya, yana kuma son ban ruwa da rani. Wanda ke son dashe mai kyau ya tambayi malamin gona na yankinsa.

11. Tambayoyi don bita

1. Wace cuta ta kama mutanen Jak Kartiye, me kuma ya warkad da su?
2. Faɗi abu huɗu da ke lalata bitamin C.
3. Don me a ke sauke tukunya kafin a zuba zogale?
4. Tsakanin tsamiya da garin kuka, wanne ya fi bitamin C?
5. Kawo sunan tsire-tsire biyar da ba a sa su a shayi.
6. Waɗanne alamu ne in an gan su za a bar ganye a nufi asibiti?

Wanda ya karanta ya faɗa wa wanda bai karanta ba. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya kai mu damina da alheri, amin.